Wa'adin Windows 10 ya cika: ina tsofaffin kwamfutocinmu za su dosa?

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a 2015, wadda kuma har gobe ita ke tuƙa ɗimbin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da makarantunmu da shagunan buga takardu na bakin jami'o'i. A Turai an shafe watanni ana muhawara a kan lamarin. A nan gida kuwa ranar ta zo ta wuce shiru, domin babu kwamfutar da ta mutu. Washegari an kunna su sun tashi, sakatariya ta buga wasiƙarta, ɗalibi ya ci gaba da rubuta kundinsa. Sai dai daga wannan rana, duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikin Windows 10, kamfanin ya daina toshe ta ga kowa da kowa kamar da. Gida ne da mai gadi ya ajiye aiki, ƙofar kuma tana nan da tsohon kwaɗonta.

A ganina lokaci ya yi da Nijar za ta fara mayar da kwamfutocin aikin yau da kullum, musamman na makarantu da na ma'aikatun gwamnati, kan buɗaɗɗun manhajoji irin su Linux da LibreOffice. Sauran hanyoyi biyu da ke gabanmu, wato ci gaba da Windows ta sata ko kwashe komai a kai kan intanet, kowace na da tsadar da ba a gani sai ranar biya.

Ga wanda kalmar ta shige wa duhu, babbar manhaja ita ce abin da masu gyara ke kira sistem. Ita ke tsakanin mutum da ƙarfen kwamfuta: ta kunna allo, ta karɓi abin da aka danna, ta ajiye fayil, ta aika takarda ga na'urar bugawa. Manhajoji irin su Word da Excel a kanta suke zaune. A faɗin duniya, kimanin kwamfutoci 7 cikin 10 na tebur da na tafi-da-gidanka Windows ce a kansu, macOS ta kamfanin Apple na biye mata, Linux kuma tana wajajen kashi 4 cikin 100.

Matsalar tana ga ƙarfen

Microsoft na cewa mafita ita ce a koma Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021. To amma Windows 11 ba ta hawa kowace na'ura. Tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma buƙatar furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, daga zubi na 8 na kamfanin Intel zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Gane wannan ba shi da wuya. Idan an rubuta Core i5-6300U a bayanan kwamfutarka, lambar farko bayan ɗan layin, wato 6, ita ce zubin, ke nan ba ta cika sharaɗi ba. Idan i5-8250U ce, ta tsallake.

Yanzu mu dubi kasuwarmu. Kwamfutar da matashi a Maraɗi ko Damagaram ke iya saye galibi ta gwanjo ce: HP ko Dell ko Lenovo da wani banki ko kamfani na Turai ya yi wa aiki shekara huɗu ko biyar ya sallama, ta biyo ta tashar ruwan Lome, ko kasuwannin Kano, ko cikin jakar ɗan uwa daga Beljik ko Dubai. Da yawansu lafiyarsu ƙalau, za su iya ƙara shekaru suna aiki, amma an ƙera su kafin 2017. A ƙarshen 2023 cibiyar nazarin kasuwa ta Canalys ta yi ƙiyasin cewa kusan kwamfutoci miliyan 240 ne za su iya zama shara saboda ƙarewar Windows 10. Mun san inda irin wannan shara ta saba dosa. Ba abin mamaki ba ne idan muka ga kwamfutocin gwanjo sun yi araha a kantunan Yamai, masu saye na murna, alhali abin da masu shi suka gudu daga gare shi ne.

Gaskiya ne Microsoft ya buɗe wata ƴar ƙofa ta ƙarin wa'adi. Mai kwamfutar kansa zai iya samun gyaran tsaro har 13 ga Oktoban 2026, ko dai ya biya dalar Amurka 30, ko ya haɗa na'urarsa da asusun Microsoft. Kamfanoni da ma'aikatu kuwa dala 61 ne kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, shekara uku ne iyakarsa. Wannan jinkiri ne kawai, kuma an tanade shi ne don mai Windows ta halal. Masu gyara suna da dabarar cusa Windows 11 kan tsohuwar na'ura, amma kamfanin da kansa ya yi gargaɗin cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan na'urori gyara ba.

Windows ta banza

Mu faɗa wa juna gaskiya: abokiyar hamayyar Linux a Nijar ita ce Windows ɗin da aka fasa, wadda mai gyara ke zuba maka tare da Office da Photoshop a kan jika biyu ko uku. Dalilin a bayyane yake. Lasisin Windows 11 na gida Yuro 145 ne a shagon Microsoft na Faransa, wato kusan jika 95 na sefa. Mafi ƙanƙantar albashi a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024. Wa zai ba da albashin fiye da wata biyu a kan abin da ake samu kusan kyauta a bayan tasha?

Kamfanin ma bai jahilci wannan ba. Tun 1998, a wani jawabi gaban ɗalibai a jami'ar Washington, Bill Gates ya yi magana a kan satar manhaja a China, inda ya nuna cewa tun da dai za a sata, gara a saci tasu, mutane su saba, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Hakan kuwa aka yi da mu. Mun saba har ta kai ga idan an ce mutum ya iya kwamfuta, abin nufi shi ne ya iya Word da Excel.

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Ƴar manhajar da ake fasa lasisi da ita, ba wanda ya san wa ya rubuta ta, ko me ya cusa a cikinta. Kafin ta yi aiki sai an kashe rigakafin birus, sau da yawa kuma a rufe ƙofar sabuntawa gaba ɗaya don kada Windows ta farga. Duk wanda ya yi karatu a Abdou Moumouni ko Dan Dicko Dankoulodo ya san birus ɗin rakursi, wanda ke bin kile daga shagon buga takardu zuwa kwamfuta, ya ɓoye fayiloli ya bar hotunansu kawai. Ɗalibai nawa ne suka kwana da zullumi ana saura mako guda su kare kundinsu? Maganin da aka saba shi ne formataj, a goge komai a sake zuba wata Windows ɗin ta sata, bayan wata shida a koma gidan jiya.

Wannan a kan ɗalibi ɗaya ke nan. Idan ma'aikata ce, asarar ta fi haka. A watan Mayun 2017 wani birus mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ya ce sai an biya fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita da ayyukan tiyata kusan 19,000, kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar tun watan Maris, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta na'urorinsu ba. Yanzu a ƙaddara kwamfutar da ke riƙe da rajistar haihuwa a ofishin magajin gari, ko jerin albashin malamai, ko sakamakon jarrabawa, tana kan manhajar da ba za a ƙara yi wa magani ba har abada. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A kwashe a kai intanet?

Akwai matasa da yawa, musamman waɗanda suka yi karatu ko suke aiki a waje, da ke ganin wannan muhawara ta tsufa. A cewarsu yau komai a kan intanet yake: Google Docs don rubutu, Canva don zane, Microsoft 365 don aikin ofis, kwamfuta ba ta buƙatar komai sai burauza. Suna da hujja. Mutum uku, ɗaya a Tawa, ɗaya a Abijan, ɗaya a Liyon, za su iya gyara takarda ɗaya a lokaci ɗaya. Idan an sace kwamfuta, aikin yana nan. Google na ba da giga 15 na ajiya kyauta. Ni ma ina amfani da su, ba kuma na cewa a daina.

Abin da nake ja a kai shi ne a ɗora aikin ƙasa a kansu. Na farko, manhajar kan intanet na tafiya ne da abu biyu da ba mu da tabbacinsu, kuran da konekshon. Ba mu manta ba, a farkon Agustan 2023, bayan takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke layin da ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar nan ke sha, aka shiga watanni ana rabon kuran unguwa-unguwa. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka wayi gari intanet na tafiyar hawainiya ko babu ita sam. Nijar ba ta da teku, duk abin da ya samu wayoyin maƙwabta yana iya taɓa mu. Zuwan Starlink a 2025 ya rage wa wasu wahala, amma shi ma kamfanin waje ne, kuma ba kowace makaranta ke iya ɗaukar kuɗinsa ba. Kwamfutar da manhajarta ke cikinta, batir ɗinta kawai take buƙata ko ƙaramin faifan sola.

Na biyu, kuɗin ba ya ƙarewa. Da can mutum na sayen manhaja sau ɗaya ya yi ta aiki da ita. Tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da Photoshop da ƴan uwanta kan abonema, kamar yadda ake biyan Canal+, wata ya ƙare hoto ya ɗauke. Microsoft 365 na mutum ɗaya Yuro 99 ne a shekara a Faransa, kusan jika 65. Sannan biyan sai da katin banki na ƙasa da ƙasa, alhali mu kuɗinmu a hannu yake yawo, ko ta waya, ko ta kamfanonin aike.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, makullin yana hannun wani. A Oktoban 2019 Adobe ya sanar da masu amfani da manhajojinsa a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka, bai fasa ba sai da ya samu izini na musamman daga Washington. A Maris 2022 Microsoft ya dakatar da sabon ciniki a Rasha. Tun 2018 Amurka na da dokar da ake kira CLOUD Act, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a wata ƙasa aka ajiye su. A watan Yunin 2025 wani babban jami'in shari'a na Microsoft reshen Faransa ya amsa gaban kwamitin majalisar dattawan ƙasar cewa ba zai iya ba da tabbacin bayanan Faransawa ba za su taɓa faɗawa hannun hukumomin Amurka ba. Idan Faransa ba ta samu wannan tabbaci ba, Nijar ce za ta samu? Ƙasar da ta ɗanɗana rufe iyaka da rufe asusun banki a 2023 ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da muke amfani da shi ba mu sani ba

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bayyana rubutun asalinta ga kowa, lasisinta kuma ya halatta a yi amfani da ita, a kwafa, a gyara, a raba. Richard Stallman ne ya assasa tafiyar a Amurka a 1983 da shirin GNU. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar Helsinki ta Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ƙashin bayan Linux. A 2004 ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da Ubuntu don sauƙaƙa wa talaka amfani da ita, sunan ma daga harsunan Zulu da Xhosa ya ɗauko shi. LibreOffice kuwa, wadda ke da kishiyoyin Word da Excel da PowerPoint, ta fito a 2010 ƙarƙashin wata gidauniya da ke Jamus.

Masu cewa wannan kayan ƙwararru ne su duba aljihunsu. Wayar Tecno ko Itel ko Samsung da kake karanta wannan rubutu da ita, Android ce a kanta, Android kuma a kan Linux aka gina ta. VLC da muke kallon finafinan Kannywood da ita buɗaɗɗiyar manhaja ce da ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniyoyi ta Faransa. Haka Firefox, haka Audacity da ake tace murya da ita a gidajen rediyo. Matasan da ke yi wa ƙungiyoyin agaji ƙidaya a ƙauyuka da KoboToolbox suke aiki. Ma'aikatar lafiya ta Nijar na tattara alƙalumanta da DHIS2, manhajar da jami'ar Oslo ta Norwe ke jagoranta, wadda ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita. Tun ƙarshen 2017, manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk Linux ce a kansu. Wurin da ya rage mata shi ne teburin ofis, a nan ɗin ma sabo ne ya hana ta shiga.

Ga tsohuwar na'ura kuwa, da tsohuwar zuma ake magani. Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da muka sani, tana tashi da giga 2 na RAM, tana sakewa da giga 4, zubinta na 22 kuma zai ci gaba da samun gyaran tsaro kyauta har 2029. Tana zuwa da LibreOffice da Firefox a ciki, da Faransanci idan shi mutum ke so. Birus ɗin rakursi ba ya aiki a kanta, domin don Windows aka rubuta shi. Ba ina cewa Linux ba ta da kafa ba, kowace manhaja na da ita, bambancin shi ne ana ci gaba da toshe nata ba tare da an ce ka sayi sabuwar na'ura ba.

Waɗanda suka riga mu

Misalin da ya fi kusa da tsarin aikinmu shi ne na jandarmomin Faransa. Ba su fara da sauya sistem ba. A 2005 suka maye gurbin Office da OpenOffice, a 2006 suka koma Firefox da Thunderbird, duk a kan Windows. Sai a 2008, bayan ma'aikata sun saba da sababbin kayan aikin, suka fara ɗora nasu zubin na Ubuntu da suka raɗa wa GendBuntu. Yau kwamfutocinsu kusan 100,000 ne ke kanta. A jihar Kerala ta Indiya, makarantun gwamnati sun fi shekara 15 suna koyar da yara kan Linux. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta 30,000 kan LibreOffice, daga baya kuma Linux, hujjarta ita ce bayanan jama'a su zauna a hannun hukuma. Kusa da mu, a arewacin Togo, ƙungiyoyin sa-kai sun buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantu da tsofaffin na'urori da aka ɗora wa Emmabuntüs, wani zubin Linux da aka tsara musamman don kayan gwanjo.

Akwai kuma inda tafiyar ta yi tuntuɓe, bai kamata a ɓoye ba. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kammala da kusan kwamfutoci 15,000 a 2013, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Ma'aikata sun yi ta kukan cewa takardun da ake aiko musu daga wasu hukumomi ba sa buɗewa daidai, shugabancin birnin kuma ya sauya hannu. Darasin a fili yake: idan ofis ɗaya ya sauya shi kaɗai, sauran duk suna aiko masa da fayilolin Word, kuma babu horo mai ɗorewa, ranar da wanda ya kawo tsarin ya bar kujera, tsarin zai bi shi.

Ƙorafe-ƙorafen da ke da tushe

Matashin da ke neman aiki zai ce duk sanarwar ɗaukar ma'aikata Word da Excel take tambaya. Haka ne. Amma wanda ya iya tsara takarda da lissafin jadawali a LibreOffice, kwana biyu sun ishe shi ya saba da Excel, domin dabarun kusan ɗaya ne. Makaranta aikinta ta koyar da tuƙi, kowace mota aka ba yaro daga baya zai ja ta.

Mai shagon buga takardu zai ce abokan cinikinsa da fayilolin Word suke zuwa. LibreOffice na buɗe su, tana kuma ajiyewa a irin tsarinsu, amma takarda mai jadawali da yawa ko rubutu na musamman takan ɗan goce. Maganin shi ne a riƙa kai takardar bugawa a PDF, abin da ya kamata a ce ana yi tun da can. Zai kuma ce wasu na'urorin bugawa ba sa jituwa da Linux. Wannan ma gaskiya ne, na HP galibi suna aiki nan take, wasu tsofaffin na Canon kuwa sai an sha fama.

Akanta mai aiki da Sage, da injiniya mai AutoCAD, da mai zanen da ya gina sana'arsa kan CorelDraw ko Photoshop, waɗannan su zauna kan Windows, su nemi na'urar da ta cika sharaɗi da lasisi na gaskiya, tun da da ita suke cin abinci. GIMP da Inkscape suna biyan buƙatu da yawa, amma ba zan ce wa ƙwararre ya watsar da kayan aikinsa dare ɗaya ba. Sai dai su nawa ne? Mafi yawan kwamfutocin ofisoshinmu wasiƙa suke bugawa, da jadawali, da buɗe intanet.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu gyara. Idan Linux ta ba malamin makaranta matsala a Madawa ko Tasawa, wa zai kai wa? A yau amsar ita ce da wuya ya samu. Wannan gibi ne, amma kuma sana'a ce da ke jiran masu ita. Kuɗin lasisi waje yake fita, kuɗin horo da gyara kuwa a aljihun ɗan ƙasa yake zama.

Abin da ya kamata a yi

Gwamnati ta fara da ƙidaya. Hukumar ANSI, wadda aka ɗora wa sha'anin fasahar zamani, ta san kwamfutoci nawa ne a ma'aikatu, nawa ne ke kan Windows 10, nawa ne ba za su iya hawa 11 ba, nawa ne kuma ke da lasisi. Daga nan a bi sawun jandarmomin Faransa: a fara da LibreOffice a kan na'urorin da ake da su, a wajabta cewa takardun hukuma su riƙa yawo a tsarin ODF, wanda hukumar ƙa'idoji ta duniya ISO ta amince da shi tun 2006, ko kuma a PDF. Bayan shekara ɗaya ko biyu a fara sauya sistem, ma'aikata bayan ma'aikata, tare da horo da lambar da za a kira idan an maƙale. Ana yawan maganar diyaucin ƙasa a kan ma'adinai da tsaro. Rajistar ƴan ƙasa da takardun baitulmali su ma dukiya ce, ya dace a tambayi a kan manhajar wa suke zaune.

Jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, da cibiyoyin koyon sana'a, su mayar da ɗakunan kwamfutarsu kan Linux, su kuma sa ɗaliban fannin su riƙa fita makarantun sakandare suna ɗorawa suna koyarwa a matsayin aikin gwaji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da manhajar Kiwix ana iya ajiye Wikipedia gaba ɗaya a kan kwamfuta ɗaya, ɗalibai su yi bincike ba tare da forfe ba.

Akwai kuma batun harshe. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Microsoft ya taɓa yin fassarar Hausa ta Windows, amma shi ya zaɓi kalmomin, bisa tsarin rubutun Najeriya. Ba na jin akwai babban kamfanin da zai ga riba a fassara manhajarsa zuwa Zabarmanci ko Tamajak ko Kanuri ko Tubanci. A buɗaɗɗiyar manhaja ƙofar fassara a buɗe take ga duk mai so, ba sai an nemi izinin kowa ba. Malaman harsuna da ɗalibansu za su iya zama su fassara LibreOffice, su tsara allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, aikin kuma ya zama na kowa har ƴan uwanmu na Kano da Kumasi.

Ku kuma ƴan uwa mazauna waje, da ku ake cike gibin kayan karatu a gidaje da yawa. Kafin ka sayi kwamfutar da za ka aiko wa ƙanenka, dubi lambar furosesar. Idan ƙasa da zubi na 8 ce, kada ka biya kuɗin mai hawa Windows 11, ka taya ta da araha. Idan ka same ta, kada ka raina ta: sa mata faifan ajiya na SSD, ka ɗora mata Linux Mint tun a can inda intanet ke da sauri, sannan ka aiko. Ƙungiyoyinku na ƴan gari ɗaya da ke tara kuɗi don gina aji ko rijiya za su iya karɓar na'urorin da kamfanoni ke sallamawa yanzu, su haɗa wa makarantar garinsu ɗakin kwamfuta, muddin sun haɗa da kuɗin horar da mutum biyu da za su kula da shi.

Ga matashin da ke da kwamfuta a gabansa yanzu, gwajin ba ya cin komai. Ana ɗora Linux Mint a kan kile mai giga 8, a tayar da kwamfuta daga kanta, a yi rubutu, a shiga intanet, a gwada na'urar bugawa, ba tare da an taɓa Windows ɗin da ke ciki ba. Idan ta yi maka, ka kwafe fayilolinka a wani wuri tukuna, sannan ka ɗora ta. Idan ba ta yi ba, ka zare kile ɗinka. Gani ya kori ji. Ƙarin wa'adin Microsoft na masu kwamfutar kansu zai ƙare ranar 13 ga Oktoban 2026, gara kowa ya san inda ya dosa kafin ranar.